Bargon ƙyallaye da audugar gida: yadda aikin yake tafiya a Gusau

14 ga Oktoba, 2024

Abin da muka sa gaba shi ne bargo ɗaya na gado shida da shida. Fuskarsa ƙyallayen atamfa ne da ke ragewa a shagon tela, cikinsa audugar gona, bayansa turmin atamfa guda. Katifar inci 72 ce kowane gefe, bargon kuma zai zama inci 86, wato ya sauko da inci 7 ta kowane ɓangare.

Tsakiyar bargon za ta ci ƙyalle 144, kowanne a yanke shi inci 6 da rabi tsawo da faɗi. Ɗinki zai ci kwatan inci a kowane gefe, sai a samu inci 6 cif. Ƙyalle tara ne ke yin gida ɗaya, uku a jere sau uku, gida 16 kuma su cika tsakiyar. Rabin ƙyallayen masu duhu, rabi masu haske, 72 da 72. Gida takwas za su ɗauki masu duhu biyar da masu haske huɗu, sauran takwas ɗin akasin haka, don in an jera su kada duhu ya haɗu da duhu.

An samo buhun ƙyalle daga telolin kasuwa, kuma yau aikin tantancewa ne kawai. Leshi da material mai santsi an ware su gefe. Shadda ma an ware ta duk da kyanta, domin saƙarta a matse take, allurar hannu ba ta ratsa ta sai da wahala, kuma akwai dubban ɗinki a gaba. Babban abin lura shi ne raba atamfar auduga da ta roba, don ido kaɗai yana ruɗuwa. A yanki ɗan siriri a kusantar da shi ga ashana: ta auduga tana ci da wuta, ta bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda, ta roba kuwa tana tsukewa ta narke, ta bar baƙin dunƙule mai tauri. Haɗa su a bargo ɗaya matsala ce, saboda ta auduga tana shiga in ta sha ruwa, ta roba ba ta shiga, sai fuskar ta yi ta tattarewa a wasu wurare. Ga shi dutsen gugan da ya dace da ɗaya yana ƙona ɗayar.

19 ga Oktoba

An wanke komai kafin almakashi ya taɓa shi, masu duhu daban, masu haske daban. Wankin yana fitar da sitacin kanti, yana sa yadin ya gama shigarsa tun yanzu, yana kuma tona asirin mai zuba. Ja da shuɗi mai duhu da kore su ne abin tsoro. Gwajin mai sauƙi ne: a jiƙa ƙyallen, a matse shi cikin farin tsumma, a bar shi ɗan lokaci. In tsumman ya ɗauki launi, a sake wankewa. In ya ci gaba da zuba bayan ruwan ɗauraya ya yi fari, a haƙura da shi. Mutane na yawan cewa a jiƙa da gishiri launi zai kama, amma ba mu ga gishiri ya hana mai zuba zuba ba, kuma jan ƙyalle ɗaya ya isa ya ɓata maƙwabtansa huɗu a wankin farko.

An shanya a inuwa, an yi guga tun da sauran ɗan danshi.

26 ga Oktoba

Yanka. Ma'aunin kwali yana cinyewa a baki in alli da almakashi sun yi ta gogarsa, kafin a kai ƙyalle na hamsin ya riga ya ragu. Gara a yanko ma'aunin daga gefen tsohuwar jarkar roba mai shafe, a daidaita kusurwoyinsa da kusurwar littafi mai bangon kwali. A zana da siririn sabulun da ya ƙare a kan masu duhu, da fensir a bayan masu haske.

Dole gefen ma'aunin ya bi zaren yadin. Ƙyallen tela yakan zo a karkace, musamman wanda aka cire daga wuya ko hammata, kuma akwai kwaɗayin a juya ma'aunin don ya shiga. Wanda aka yanka a karkace yana miƙewa a ƙarƙashin ƙafar keke, ya fito ya fi ɗan'uwansa tsawo. In ba a gane inda zaren ya nufa ba, a ja ƙyallen da hannu biyu: ta inda bai ba da kai ba, nan ne bin zare. Bakin atamfa mai rubutu kuma a yanke shi a yar, don saƙarsa ta fi ta jikin yadin tauri.

An yanka 160, an bar 16 na ko-ta-kwana.

2 ga Nuwamba

An fara haɗa gidaje da keke biyu na ƙafa, allura lamba 14, zare mai ruwan toka sama da ƙasa domin shi ne ke ɓoyewa a duhu da haske duka. An rage tsawon ɗinki zuwa kamar 12 a inci ɗaya. Bargon nan da hannu za a riƙa wanke shi, a murɗe, a buga, kuma kwatan inci ba shi da yawa. Ɗinki mai tazara zai buɗe.

Da aka auna gidajen farko, na keke ɗaya sun fito inci 18 da rabi kamar yadda ake so, na ɗayan kuwa sun gaza. Dalilin shi ne ƙafar kekunan ba faɗinsu ɗaya ba, kuma kowace mai ɗinki tana bin gefen ƙafar kekenta ne. Bambancin bai wuce kaurin tsinken ashana ba a ɗinki ɗaya, amma yana cin gefe biyu, kuma daga wannan bakin zuwa wancan akwai ɗinki 11. In aka bar shi, jere ɗaya zai gaza ɗan'uwansa da kusan inci biyu. Maganin: a sauke allura, a auna kwatan inci daga ita zuwa dama da tef, a manna filasta ninki uku a kan farantin keken, ya zama katangar da bakin ƙyalle zai riƙa bi. Kowane keke a yi masa nasa. Gidajen da suka gaza an farke su, don ja da guga ba ya mayar da abin da ɗinki ya ci.

Guga kuma akwai tsari. Jere na sama da na ƙasa a kwantar da bakin ɗinkinsu ɓangare ɗaya, na tsakiya ya kalli ɗaya ɓangaren. In an zo haɗa jeren, bakunan sai su cije juna, kusurwoyi huɗu su haɗu wuri ɗaya ba tare da tudu ba. A ɗora dutsen guga a ɗaga, kada a ja shi. Mai amfani da na gawayi ya rufe shi da kyau, ya kuma ɗora farin tsumma, saboda tartsatsi ɗaya yana huda atamfa.

12 ga Nuwamba

Gida 16 sun kammala, an shimfiɗa su a tabarma an yi ta sauya musu wuri har aka raba jajayen da suka taru kusurwa ɗaya. Ɗaukar hoto da waya daga tsaye yana nuna abin da ido bai gani daga kusa. An haɗa huɗu-huɗu, sannan aka haɗa jeren. Tsakiyar ta ba da inci 72 da rabi.

Na kewaye, wato tsirin da zai zagaye tsakiyar, an sayi yadi uku na shuɗi mai duhu marar zane, an wanke. An yanka tsiri huɗu a tsawon yadin, faɗin kowanne inci 7 da rabi: biyu masu tsawon 72 da rabi, biyu masu 86 da rabi. Awon ta tsakiyar bargon ake ɗaukarsa, ba ta baki ba, don baki ya riga ya ɗan saki saboda ɗauka da ajiyewa. Wanda ya ɗora tsiri ya yi ta ɗinki har ƙarshe sannan ya yanke ragowar, bakin bargonsa zai yi ta lanƙwasa, ba zai taɓa kwanciya a gado ba. A kafa fil a tsakiya da bakuna biyu, a raba sauran. Abin da ya rage na shuɗin an ajiye shi don naɗe baki.

18 ga Nuwamba

Baya. Ana so ya fi fuska da inci 4 kowane gefe, wato 94. Faɗin atamfa wajen inci 45 ne, in an cire baki aka haɗa falle biyu ba a wuce 87. Saboda haka an yanka falle biyu masu tsawon inci 94 daga turmin, aka sa tsirin ƙyallaye mai faɗin inci 8 a tsakaninsu, wanda aka haɗa daga ragowar 16 ɗin nan da wasu. Ɗinkin baya rabin inci ne, an buɗe shi biyu da guga don kada ya yi kauri.

25 ga Nuwamba

Maganar abin da za a zuba a ciki ta ɗauki lokaci, kuma ta cancanci haka, don shi ne bargon; atamfa riga ce kawai. Siririn soso da masu zanin gado na kasuwa ke sawa yana da arha da sauƙin ɗinki a keke, amma zafi da wanki suna marmashe shi, ba ya kuma shan gumi. Faiba, wato audugar roba, ba ta da nauyi kuma tana saurin bushewa, sai dai gashinta yana biyo ramin allura ya fito a kan yadi mai duhu. Audugar rimi ta filo ce: santsi gare ta, silinta ba ya kama juna, ba a iya shimfiɗa ta siririya ta zauna. Tsohon bargo a ciki dabara ce mai kyau ga mai sauri, domin ba ya motsi ko an yi ɗinki mai tazara.

Mun zaɓi audugar gona. Yanzu ne lokacin cirarta, kuma ƙasar nan ta san ta tun da daɗewa. Auduga da gyaɗa ne suka raya Gusau bayan layin dogo daga Zariya ya ratsa ta ya kai Kaura Namoda a 1929. Dabarar cusa auduga tsakanin yadi biyu a bi da ɗinki ma ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya ga lifidi a jikin doki ranar hawan sallah ya ga wannan aikin, kuma layukan ɗinkin da ke jikinsa ba don ado kaɗai aka yi su ba, su ne ke hana audugar zubowa ƙasa.

Ana buƙatar kilo 1 da giram 600 na gurzajjiyar auduga. Wadda ba a gurza ba kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta angurya ce, wato ƙwayar auduga, don haka aka sayi kilo 5. A zaɓi fara tas, busasshiya, cirar farko. Mai ɗigon rawaya ko wadda ta sha raɓa a ƙasa tana wari, kuma tabonta yana fitowa.

Gurza da dutse da ƙarfe aikin tsofaffi ne, kuma Inna ce ta karɓe shi tare da shiɓa, wato buɗe auduga da tsirkiyar baka. Abin da ta nace a kai, kuma gaskiyarta, shi ne a bi audugar da yatsa bayan gurza a tsince duk angurya da ta fashe. Angurya tana da mai. Guntunta ɗaya in ya sha ruwan wanki yana barin tabo ruwan ƙasa a fuskar bargo, yana tare allura, ɓera kuma yana bin ƙanshinsa.

3 ga Disamba

An gama shiɓa. Baka yana buɗe audugar ta tashi ta yi sakayau, abin da ya cika ƙwarya ya koma cika kwando. A yi shi a ɗaki marar iska, a rufe hanci da ɗankwali, mai asma kuma kada ya zauna wurin. Wuta ko kaskon gawayi kada su kusanci ɗakin ko kaɗan. Shiɓaɓɓiyar auduga tana kamawa cikin ƙiftawar ido, kuma wuta tana iya cin cikinta a ɓoye bayan an zaci ta mutu.

Kafin a taɓa babban bargon an yi ɗan gwaji mai inci 18 da irin yadin da irin audugar. Rabinsa an yi masa layukan ɗinki da tazarar inci 4, rabin kuma inci 2. Aka wanke shi da omo, aka murɗe, aka shanya, aka maimaita. Ɓangaren inci 4 audugarsa ta tattaru ta yi curi-curi a kusurwoyi, tsakiyar ta zama yadin sama da na ƙasa kawai in an ɗaga ta a rana. Ɓangaren inci 2 bai motsa ba. Audugar da aka shiɓa da hannu ba abin da ke riƙe silinta sai ɗinkin da aka yi mata, saboda haka magana ta ƙare: tazara ba za ta wuce inci 2 da ɗan kai ba.

9 ga Disamba

Shimfiɗa. An share daɓen ɗaki, an kwantar da bayan bargon fuskarsa na kallon ƙasa, an ja shi ya miƙe ba tare da an ɗame shi ba, an danne bakunan da duwatsun da aka naɗe a tsumma. In aka ɗame shi da yawa, da an saki zai koma ya tattare fuskar.

An zana fili mai inci 90 a kansa da alli, aka raba shi 16, kowane yanki inci 22 da rabi. An auna audugar a sikeli, giram 100 ga kowane yanki. Wannan awon ne ke hana wani gefe kauri wani gefe sharara, don hannu yakan yi yawa a farko ya yi rowa a ƙarshe. Kowane giram 100 an raba shi biyu. Rabin farko an shimfiɗa shi falle-falle masu faɗin faifai, bakin kowanne a sirance ya hau kan na kusa da shi. Rabi na biyu an ɗora shi a gicciye, tsakiyar kowane falle ta rufe mahaɗar na ƙasa. Daga tsakiyar ɗaki ake farawa a ja da baya, kada a taka abin da aka shimfiɗa.

Da aka gama audugar ta kai tsayin yatsa huɗu. An rufe ta da tsohon zane, aka ɗora tabarma, aka bi ta da tafin hannu ana dannawa, aka bar ta ta kwana. Da safe ta kwanta ta dawo ƙasa da inci ɗaya.

Fuskar bargon ba a yafa ta kamar zanin gado, iskar za ta kori audugar. An naɗe ta a doguwar gora, mutum biyu suka riƙe bakunan, suka ajiye a gefe ɗaya suna warwarewa a hankali, ta uku tana bi tana shafawa daga tsakiya zuwa waje.

Sai ɗinkin riƙo, wanda za a farke daga baya: farin zare, doguwar allura, kowane taku kamar inci 2. Layi ɗaya daga tsakiya zuwa kowane gefe, wani zuwa kowace kusurwa, sannan layuka a tsaye da a kwance da tazarar tafin hannu. Farin zare ake so domin mai launi yana iya barin sawu. Ragowar bayan da ta fito an naɗo ta kan bakin audugar an riƙe, don kada ta riƙa zubewa in ana juya bargon. Bayan haka an ɗaga shi a bakin ƙofa ana duba hasken rana ta jikinsa. Wuri biyu da suka yi sharara kusa da baki an buɗe an ƙara musu.

21 ga Disamba

Ɗinkin gaske ya kankama, da hannu. Keken ƙafa yana tura yadin ƙasa ya bar na sama a baya, kuma kaurin nan ba zai shiga hannun keken ba sai audugar ta goce.

Layukan a karkace suke, daga kusurwa zuwa kusurwar kowane ƙyalle, ta ɓangare biyu. Waɗannan kaɗai tazararsu ta ɗan haura inci 4, don haka ana ƙara layi ɗaya a tsakanin kowane biyu, wanda ke ratsa tsakiyar gefen ƙyallen. Ana zana su da sabulu da doguwar rula, gida ɗaya a lokaci guda, domin zanen yana gogewa. A lissafi tsakiyar za ta ci wajen yadi 136 na ɗinki, kewaye kuma layi uku a miƙe, wajen yadi 26. Da ƙulli da abin da ake yarwa, a tanadi zare yadi 200.

Zaren auduga mai ɗan kauri ake amfani da shi, sili ɗaya. Kada tsawonsa ya wuce daga yatsa zuwa gwiwar hannu da ɗan ƙari, kamar inci 18. Wanda ya fi haka yana sirancewa saboda yawan ratsa yadi, ya riƙa harɗewa. Ana goga shi a kakin zuma kafin a fara. Ƙullin farko ana ɓoye shi: a soka allura inci ɗaya daga inda za a fara, ta bi cikin audugar ta fito a kan layi, a ɗan fizgi zaren har ƙullin ya faɗa ciki. Taku biyar zuwa shida a inci ɗaya ya wadatar. Daidaituwarsu ta fi ƙanƙantarsu muhimmanci, kuma dole kowane taku ya kama yadin baya. Hannun hagu yana ƙasa yana jin tsinin allurar. Yatsan tsakiya na dama a sa masa 'yar fata da aka ɗinka zobe, in ba haka ba gindin allura zai huda shi tun kafin azahar.

Daga tsakiya ake farawa a nufi waje, ko da mutum nawa ke aikin. In aka faro daga bakuna, duk sakin da ke jikin yadin zai taru a tsakiya ya zama ninki, kuma ba inda za a kore shi.

4 ga Janairu, 2025

Gida 10 cikin 16 sun samu ɗinkinsu. Hunturu ya kawo nasa. Ƙura tana shiga ko'ina, don haka ana naɗe ɓangaren da ba a aiki a kansa cikin zane, da dare kuma a rufe duka. Yatsu suna tsagewa, kaushinsu yana kama zare. Man kaɗanya yana gyara su, amma da dare za a shafa, a wanke hannu da sabulu kafin a zauna aiki, don maiƙonsa yana barin tabo a masu haske.

An lura da 'yan ƙananan ninki a baya a gida biyu na gefen hagu. Wurin ɗinkin riƙonsa ya fi tazara, kuma an yi aikin bargon na kan cinya a dunƙule. An farke layukan da abin ya shafa, an shimfiɗa a daɓe, an shafe ninkin zuwa waje, an ƙara riƙo. Yanzu kowace mai ɗinki tana juya bargon ta duba baya duk ƙarshen layi. Zaren da aka ja da ƙarfi ma yana tsuke layi. A ja shi har ya ɗan nutse a yadi, a tsaya nan.

Awo ya nuna bargon ya fara shiga, kamar yadda ɗinki mai yawa ke sawa. Da alama zai tsaya wajen inci 84.

Saura gida shida da kewaye. Bayan su a cire zaren riƙo, a daidaita bakuna da rula a yanke rarar auduga da baya. Na naɗe baki za a yanka tsiri biyar daga ragowar shuɗin, faɗin inci 2 da rabi, a haɗa su a karkace don mahaɗar kada ta yi tudu, a ninka biyu a tsawo, a ɗinka ta fuska da keke da allura lamba 16, a juyo baya a kalmashe da hannu. Wankin farko da ruwan sanyi ne a babban baho, a matse ba murɗewa, a shanya shi a kwance a kan igiya uku ko huɗu, saboda jiƙaƙƙiyar auduga tana da nauyin da zai iya tsinka ɗinki in aka rataye ta a igiya ɗaya.